Abin da Matuƙa Jirgin Sama Suka Gani, da Yadda Soja Suka Bincika

'Yan'uwana ɗalibai da malamai, akwai wata magana wadda ta fi shekara saba'in tana yawo a duniya, har yau kuwa ba ta kwanta ba. Ita ce maganar waɗansu abubuwa da akan gani suna shawagi a sararin sama, a rasa gane ko mene ne. Turawa suna kiransu UFO a taƙaice, watau abu mai tashi wanda ba a gane shi ba. Yanzu da yake kowane yaro yana iya kallon hotunansu a wayar yayansa, labudda wata rana wani yaro zai ɗaga hannu a ajinku ya ce, "Malam, wai gaskiya ne mutanen wata duniya suna kawo mana ziyara?" In malami ya yi masa tsawa, ya kashe masa son tambaya. In kuwa ya amsa da jita-jita, ya shuka ƙarya a kan yara hamsin. Saboda haka na ga ya kamata in tattaro muku abin da ya tabbata game da wannan al'amari.

Zan tsaya ga shaidar matuƙa jirgin sama, domin ita ce ta fi nauyi. In ni ko kai muka ce mun ga wani haske, sai a ce ido ne ya ruɗe mu. Amma matuƙi sama ce gonarsa, ya san jirgi, ya san gajimare, ya san tauraro. Soja kuma dole su kula da maganarsa, gama tsaron sararin ƙasa aikinsu ne, abin da ba a gane ba kuwa yana iya zama makamin abokan gāba.

MAFARIN MAGANA

Ran 24 ga watan Yuni, 1947, wani ɗan kasuwa Ba'amurke mai suna Kenneth Arnold yana tuƙa ƙaramin jirginsa kusa da dutsen Rainier, a jihar Washington ta Amurka. Sai ya hango waɗansu abubuwa tara masu ƙyalli sun jeru suna wucewa. Ya ƙiyasta gudunsu ya kai mil 1,200 cikin awa ɗaya, alhali kuwa a lokacin babu jirgin da ke irin wannan gudu. Da ya sauka ya gaya wa 'yan jarida tafiyarsu ta yi kama da ta faranti in an wurga shi bisa ruwa yana tsalle. Shi ke nan, jaridu suka laƙaba musu suna faranti mai tashi. Kafin a jima mutane sun fara kawo irin wannan labari daga ko'ina cikin ƙasar.

Wata shida da 'yan kwanaki bayan haka abin ya ci rai. Ran 7 ga Janairu, 1948, aka hango wani babban abu fari a sama daga filin jirgin soja na Godman, a jihar Kentucky. Aka roƙi waɗansu jiragen yaƙi da ke wucewa su je su duba. Shugabansu shi ne Kyaftin Thomas Mantell, ɗan shekara 25, wanda ya yi Yaƙin Duniya na Biyu. Suka yi ta hawa. Ku sani, in mutum ya yi nisa ƙwarai a sama iska tana raguwa, har numfashi ya kasa isarsa, shi kuwa Mantell ba shi da tanadin iskar shaƙa a jirginsa. Abokansa suka juyo, shi ya ci gaba da bi. Wajen ƙafa 25,000 ya suma, jirgin ya rikito ƙasa, ya rasu.

Da farko soja suka ce tauraruwar nan Zara ya bi. Daga baya, da aka sake duba takardu a 1952, aka ga abin da ya fi dacewa da bayanin shaidu shi ne wani ƙaton balan-balan na sojan ruwa mai suna Skyhook, wanda fāɗinsa ya kai wajen ƙafa 100. A lokacin aikin balan-balan ɗin asiri ne, Mantell bai taɓa jin labarinsa ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ga shi jarumi ya rasa ransa wajen bin abin da gwamnatinsa ce ta sake shi.

OFISHIN BINCIKE

Mayaƙan sama na Amurka suka kafa ofishi musamman domin wannan aiki. A 1948 sunansa Sign, a 1949 aka sāke masa suna Grudge, a 1952 kuma ya zama Blue Book, watau Shuɗin Littafi. Mazauninsa yana sansanin Wright-Patterson a jihar Ohio, wanda ya fara shugabancinsa da wannan suna kuwa shi ne Kyaftin Edward Ruppelt. Suka ɗauki wani masanin taurari, Dokta J. Allen Hynek, ya zama mai ba su shawara.

Yadda suke aikin ba baƙon abu ba ne gare mu. Ku dubi abin da akan yi a ƙasarmu in mutum ya zo ya ce ya ga jinjirin watan azumi. Ba a cewa maƙaryaci ne, ba a kuwa buga ganga nan take. Akan tambaye shi inda ya tsaya, da lokacin da ya gani, da wajen da watan yake, da waɗanda suka gani tare da shi, sa'an nan a kai magana gaba har ta isa ga Sarkin Musulmi. To, haka soja suke yi wa matuƙi. Ƙarfe nawa ne? Ina ka dosa? Ƙafa nawa kake daga ƙasa? Abin yana dama ko hagu? Minti nawa ka yi kana kallonsa? Bayan haka sai su tambayi masanin taurari abin da ke wannan kusurwa a wannan sa'a. Su tambayi ma'aikatan yanayi ko sun saki balan-balan na awon iska, da inda iska ta nufa. Su tambayi filayen jirgi ko akwai wani jirgi a wurin. Su duba kuma ko na'urar rada ta ga wani abu. Ita rada tana aika igiyar rediyo ne, in ta bugi abu ta dawo, kamar yadda amsa-kuwwa ke dawowa in ka yi kira a gindin dutse.

Da aka rufe ofishin a watan Disamba, 1969, rahoto 12,618 ke hannunsu. Daga ciki 701 ne suka rage ba a gane su ba, watau wajen shida cikin ɗari. Yawancin sauran an danganta su ga taurari, da balan-balan, da jirage, da gajimare, da tsuntsaye, da kuma waɗansu 'yan ƙarya. Kafin a rufe, gwamnati ta ba Jami'ar Colorado aikin duba al'amarin a ƙarƙashin Dokta Edward Condon, suka gama a 1968. Hukuncin da mayaƙan sama suka yanke uku ne. Na ɗaya, babu abin da aka gani wanda ya zama haɗari ga tsaron ƙasa. Na biyu, babu shaidar wata fasaha da ta wuce ilmin zamani. Na uku, babu shaidar cewa jiragen wata duniya ne. Ingila ma ta yi fiye da shekara hamsin tana tara irin waɗannan rahotanni a Ma'aikatar Tsaro, ta rufe ofishinta a 2009, ta ce ba ta ga alamar wani haɗari ba.

Amma fa kada ku ɗauka aikin soja ba shi da aibu. Dokta Hynek da kansa ya soki ofishin daga baya, ya ce sau da yawa gaggawar rufe magana ake yi, a liƙa wa abu suna ba tare da cikakken bincike ba. Akwai kuma inda aka ɓoye gaskiya da gangan. Daga 1955 Amurka ta fara tashin wani jirgin leƙen asiri mai suna U-2, wanda ke hawa fiye da ƙafa 60,000, a zamanin da jiragen fasinja ba su cika wuce ƙafa 20,000 ba. In rana ta fāɗi ga na ƙasa, shi can bisa tana nan tana haska fukafukansa, sai matuƙan fasinja su ga kamar wuta ce ke tafiya a inda suka san jirgi ba ya kaiwa. A 1997 wani masanin tarihi na hukumar leƙen asiri ta CIA ya bayyana cewa masu bincike sukan gane U-2 ne, amma sai a gaya wa jama'a wani abu dabam don a tsare asiri. Wannan shi ya sa har yau mutane da yawa ba sa yarda da bakin gwamnati a kan wannan magana. Wanda aka taɓa kama shi da ƙarya, ko ya faɗi gaskiya sai an yi shakka.

Darasin Skyhook da U-2 ɗaya ne: abin da ya gagari mai kallo, sau da yawa akwai wanda ya san shi sarai a wani wuri. Ko a nan ƙasarmu, sa'ad da jiragen sama uku na mayaƙan Ingila suka sauka Kano a 1925, daga Masar, ai ga manomin da ya ɗaga kai a gona abu ne mai tashi wanda ba a gane ba. Ga waɗanda ke ciki kuwa, ƙarfe ne da katako da man fetur.

ME KE RUƊIN IDON GWANI?

Wataƙila wani ya ce, yaya za a yi matuƙi, da iliminsa da ƙwarewarsa, ya kasa bambanta tauraro da jirgi? Ga dalilai huɗu, kowannensu kuna iya gwada shi da kanku.

Na fari, a sama babu abin kwatance. In ka hango bijimi daga nesa a kasuwar shanu ta Dei-Dei, ka san girmansa, domin ga mutum tsaye kusa da shi, ga mota, ga rumfa. A sama babu ko ɗaya. Ɗauki ƙwayar gyaɗa ka miƙe hannunka, za ka ga ta rufe wata ɗungum. Ƙaramin abu na kusa da babban abu na nesa duk ɗaya suke a ido. Wanda bai san girman abu ba, bai san nisansa ba, wanda bai san nisansa ba kuwa ba shi da hanyar sanin gudunsa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to, a ƙasa ke nan.

Na biyu, Zara, wadda muke yi wa kirari matar wata. Bayan rana da wata babu abin da ya kai ta haske cikin halittun sama da muka saba gani. In ta yi ƙasa-ƙasa, musamman cikin hazo irin na hunturunmu, sai ta yi kamar fitilar jirgi mai tahowa. A watan Janairu, 2011, mataimakin matuƙin wani jirgin fasinja na ƙasar Kanada ya farka daga ɗan barci bisa tekun Atlantika, ya ga Zara ya zaci jirgi ne. Cikin wannan ruɗewa ya hango wani jirgin na gaske, ya ga kamar zai faɗo musu, ya dannar da nasu ƙasa farat ɗaya. Mutum 16 suka ji rauni.

Na uku, ido yana da wata ɗabi'a. In ka ƙura wa ƙaramin haske ido cikin duhu, ba wani abu kusa da shi, bayan ɗan lokaci sai ka ga kamar yana motsi, alhali yana nan inda yake. Ku gwada da tauraro guda a daren da babu farin wata.

Na huɗu, mai kallo shi ma tafiya yake yi. In kana cikin mota daga Dei-Dei za ka Zuba, itatuwan bakin hanya sai su yi ta gudu baya, duwatsun nesa kuwa kamar suna rakiyarka. Babu wanda ya motsa cikinsu, kai ne ke gudu. To, ina ga wanda ke cikin jirgin yaƙi?

Ita ma rada ba ta kuɓuta ba. In iska mai ɗumi ta kwanta bisa mai sanyi, takan lanƙwasa igiyar, har na'urar ta nuna abu a sama alhali a ƙasa yake. Da wannan ne mayaƙan sama suka bayyana ɗigogin da aka gani a rada bisa birnin Washington a watan Yuli, 1952.

MAGANA TA SAKE TASHI

A watan Nuwamba, 2004, Kwamanda David Fravor na sojan ruwan Amurka ya tashi daga babban jirgin ruwan nan mai ɗaukar jiragen sama, Nimitz, a tekun da ke gefen California. An aike shi ne ya duba wani abu da rada ta nuna. Ya ce ya ga wani abu fari, dogo, wajen ƙafa 40, ba fiffike, ba hayaƙi, da ya matsa kusa sai ya ɓace masa kamar ƙiftawar ido. Ya maimaita wannan shaida da rantsuwa gaban Majalisar Dokokin Amurka a watan Yuli, 2023. A watan Afrilu, 2020, Ma'aikatar Tsaro ta saki hotunan bidiyo uku da jiragen yaƙi suka ɗauka, ta ce na gaske ne.

A watan Yuni, 2021, aka kai wa Majalisa rahoto a kan abubuwa 144 da aka gani tsakanin 2004 da 2021. Guda ɗaya tak aka tabbatar, shi ne wani babban balan-balan da iskarsa ke fita. Dalilin da suka bayar na kasa gane sauran shi ne ƙarancin bayani. Suka ce kuma matuƙa da yawa sukan yi shiru don gudun a yi musu dariya, alhali sau 11 an ba da labarin jirgi ya kusa karo da irin waɗannan abubuwa. Kun ga ashe kunyar faɗin abin da aka gani ita ma haɗari ce.

Sai aka kafa sabon ofishi a 2022, mai suna AARO. Suka auna ɗaya daga cikin bidiyon nan uku, wanda ke nuna wani ɗigo kamar yana tsala gudu daf da ruwan teku. Lissafi ya nuna abin yana wajen ƙafa 13,000 ne a sama, gudunsa kuma ba na mamaki ba ne, gudun jirgin da ya ɗauki hoton shi ya sa teku ta yi kamar tana shuɗewa a bayansa. Maganar motar Zuba ke nan. A watan Maris, 2024, ofishin ya ba da rahoto cewa ya bi takardun gwamnati tun daga 1945, bai sami shaidar fasahar wata duniya ba. Cewa soja suna da dalilin damuwa kuwa, an gani a fili ran 4 ga Fabrairu, 2023, da Amurka ta harbo wani ƙaton balan-balan na ƙasar Sin wanda ya ratsa sararinta. Amurka ta ce na leƙen asiri ne, Sin ta ce na awon yanayi ne iska ta kwashe shi.

BAƘON DA YA SAUKA ƘASAR KATSINA

To, a nan ne nake so ku lura ƙwarai. In mai bincike ya rubuta "ba a gane ba," abin da yake nufi shi ne bayanin da ke hannu bai isa a yanke hukunci ba. Wanda ya juya wannan ya ce "ashe daga wata duniya ne," ya ƙara abin da ba a faɗa ba. Wanda kuma ya ce matuƙin maƙaryaci ne, shi ma ya yi zalunci. In an yi sata a gari ba a kama ɓarawo ba, alƙali ba ya cewa aljani ne, ba ya kuwa cewa ba a yi satar ba.

Kuna so ku ga yadda tabbatacciyar shaida take? Ba sai mun je Amurka ba. Ran 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse ya faɗo daga sama da ƙara mai tsanani kusa da Zagami, a lardin Katsina, daf da wani manomi a gonarsa. Nauyinsa wajen kilo 18. Da yake abu ne a hannu, aka auna shi, aka yanka, aka rarraba wa masana a ƙasashe dabam dabam. Bayan shekaru aka sami 'yar iska kulle a cikinsa, aka ga ta dace da iskar duniyar Mars, wadda na'urorin Viking suka auna a can a 1976. Yau masana sun haɗu a kan cewa dutsen Zagami ɓallin Mars ne. Kun ga masana ba ƙin yarda suke yi da abin mamaki ba. A ba su abin da za su auna, kowa ya gwada ya sami amsa ɗaya, sai su yarda. Irin wannan shaida ce har yau ba a kawo ba game da faranti mai tashi.

ABIN DA YA RAGE GA MALAMI

Shawarata gare ku ita ce ku mai da wannan tambaya darasi. Ku fita da yara fili bayan magariba. Mu nan muna da sa'a, jiragen da ke zuwa filin jirgin Abuja ba su yanke mana ba. Ku nuna musu jirgi yana da jar fitila a fiffiken hagu, kore a na dama, da wata mai walƙiya. Tauraron ɗan Adam kuwa tafiya yake a miƙe, ba ƙara, an fi ganinsa bayan magariba ko kafin asuba. Tun 2019 akan ga na kamfanin Starlink sun jeru kamar ayari, kada wannan ya firgita kowa. Zara tana fitowa yamma bayan fāɗuwar rana, ko gabas kafin fitowarta, ba a ganinta da tsakar dare. Abin da muke cewa tauraro ya yanke kuwa, tsakuwa ce ke ƙonewa cikin iska, kafin ka nuna wa wani ta mutu.

Sa'an nan ku koya musu rubuta abin da suka gani nan take, tun kafin su yi taɗi da juna. Su sa rana da lokaci, da inda suka tsaya, da kusurwar da suka fuskanta. Su auna tsayin abin daga ƙasa da dunƙulen hannu a miƙe, dunƙule tara ke kai mutum daga gefen sama zuwa tsakar ka. Su faɗi launinsa, da daɗewarsa, da ko akwai hazo ko gajimare. Kashegari a gwama takardun a aji. Za su yi mamakin yadda mutum goma suka kalli abu ɗaya suka kawo bayani iri iri, kowa kuwa da gaskiyarsa.

Yaron da ya saba da wannan ya sami abin da zai amfane shi har tsufa. Gobe in an kawo masa labarin wani magani mai warkar da kowace cuta, ko wata jita-jita mai tada hankalin gari, zai tambaya wa ya gani, yaushe, a ina, wa kuma ya auna. Zai iya faɗin abin da ya gani ba tare da jin kunya ba, zai kuma iya tsayawa inda shaida ta tsaya. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu zama masu gaskiya ga yaran da aka ba mu amana. Amin.